Shakka ba ta jin tsawa

 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, yau da babin tsarki ya kamata mu ci gaba, amma na ɗage shi zuwa mako mai zuwa in sha Allahu. Wani abu ne ya tsaya min a rai kusan wata biyu, na ga in ban rubuta shi ba ba zan samu sukuni ba. Rubutun yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa. Kuma don Allah kada mutum ya karanta layi huɗu ya garzaya wajen sharhi ya fara yanke hukunci.

Wani dare bayan sallar Isha'i, jama'a sun watse, ladan yana naɗe tabarmin waje, sai na lura da wani matashi a sahun baya bai tashi ba. Na san shi, na san mahaifinsa, a Islamiyyarmu ya yi sauka, yanzu yana jami'a. Na nemi izininsa kafin in yi wannan rubutu, kuma na cire duk abin da zai sa a gane shi, saboda haka kada wanda ya biyo ni da "wai waye?" Ya matso ya gaishe ni, ya ce, "Allah gafarta Malam, magana nake so mu yi, amma ka yi min alƙawari Baba ba zai ji ba." Na ce ina jinka. Ya yi shiru ya fi minti guda, sannan ya ce, "Malam, sallar nan da ka ga na yi, wallahi jikina ne kawai ya yi ta. Kusan shekara ke nan ban tabbata akwai wanda nake yi wa ba."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce ya yi ta'awwuzi, ya sake kalmar shahada, ya tashi ya ba ni wuri. Haka yawancinmu muka taso muka ga ana yi. Amma da na dubi hannunsa na ga yana rawa, sai na haɗiye maganar. Na ce wa ladan ya tafi, ni zan rufe masallaci. Muka zauna har wajen sha ɗaya na dare.

Abubuwa ne suka cakuɗe masa. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyen su mahaifiyarsa sun kashe kawunsa, mutumin da ya riƙe shi yana ƙarami, alhali an shafe watanni ana alƙunutu a masallatai, shi ma yana cikin masu cewa amin har da hawaye. Ya ce, "Malam, ina addu'ar ta tafi?" Wannan tambayar ya rubuta a takarda ya miƙa a wani majalisin karatu. Mai karatun ya karanta ta a lasifika, ya ce irin tambayoyin 'yan boko aƙida ke nan, Allah Ya shirye su. Jama'a suka yi dariya, aka wuce tambaya ta gaba a kan ƙabli da ba'adi. Daga ranar bai sake tambayar mai rawani ba, ya koma tambayar wayarsa. Ita kuwa waya ba ta yi wa mutum dariya, ba ta gajiya, ƙarfe biyun dare ma za ta amsa maka, kuma da ka kalli bidiyon mulhidi ɗaya za ta jero maka goma. Akwai abu na uku da ya faɗa min wanda ya shafe ni ni kaina. Zan zo kansa.

To bari mu fara da karatu kafin ra'ayi.

Imamu Muslim ya ruwaito a Kitabul Iman daga Abu Huraira (RA) cewa wasu sahabbai sun zo wajen Manzon Allah (SAW) suna kukan wasu tunane-tunane da ke zuwa musu a zuciya, waɗanda suke jin nauyin ko furta su. Ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka tabbatar masa, sai ya shaida musu cewa wannan tsantsar imani ne. Imamun Nawawi ya yi bayani cewa abin nufi shi ne nauyin da suka ji da tsoron da ya kama su, domin zuciyar da babu imani a cikinta irin wannan tunani ba ya damunta. Ai ɓarawo ba ya wahalar da kansa ya fasa ɗakin da ya san babu komai a ciki. Ku lura da kyau: sahabbai ne fa, waɗanda suke ganin Annabi da idonsu, suke jin wahayi yana sauka da ɗuminsa. Kuma da abin ya same su, wajen malaminsu suka nufa, don sun san ba zai tozarta su ba.

Akwai wata ruwaya a Sunan Abi Dawud da ba a cika kawo ta a wa'azi ba. Wani tabi'i, Abu Zumail, ya je wajen Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya ce yana jin wani abu a ƙirjinsa, amma ya rantse ba zai faɗe shi ba. Ibn Abbas ya tambaye shi ko wani abu ne na shakka, ya yi dariya, ya sanar da shi cewa babu wanda ya kuɓuta daga irin wannan, sannan ya ba shi aya ta 3 a Suratul Hadid ya riƙa karantawa. Dariyar Ibn Abbas dariya ce ta kwantar wa mutum hankali. Ku auna ta da dariyar da aka yi wa yaron nan a majalisi.

Sai hadisin da kowa ya haddace, wanda ke Bukhari da Muslim: shaiɗan zai yi ta jan mutum da tambayar wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai shi ga tambayar wa ya halicci Ubangiji, kuma maganin shi ne mutum ya nemi tsarin Allah ya tsaya nan. Hadisi ingantacce, magani na gaskiya. Matsalarmu ita ce mun mayar da shi maganin kowace cuta. Kamar mai kemis ɗin da duk wanda ya zo masa, da mai ciwon kai da mai taifod da mai ciwon hanta, farasitamol zai miƙa masa ya ce Allah Ya sawwaƙe.

Malamanmu na da ba haka suka fahimci hadisin ba. Imamul Maziri, babban malamin Malikiyya da ya zauna a Mahdiyya ta ƙasar Tunisiya, ya rasu 536 bayan Hijira, wanda ya yi wa Sahihu Muslim sharhi mai suna Al-Mu'ulim, ya raba waɗannan tunane-tunane gida biyu, kuma Nawawi da Ibn Hajar duk sun naƙalto maganarsa. Akwai tunanin da ke zuwa ya wuce, ba shi da gindin zama, ba wata hujja ce ta haifar da shi ba. Wannan shi ne waswasi, kuma shi hadisin yake nufi, maganinsa kau da kai. Akwai kuma tunanin da ya zauna daram a zuciya saboda wata shubuha ce ta kawo shi. Wannan, in ji Maziri, ba ya fita sai da nazari da kafa hujja.

Wannan rabe-raben shi ne zuciyar darasinmu na yau, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Yadda na gani a 'yan shekarun da na yi ina limanci, mai waswasi in ka tambaye shi dalili ba shi da shi. Zai ce maka kawai yana cikin sujada sai mummunan tunani ya faɗo masa, ya tsani abin, ya rasa yadda zai yi. Irin wannan in ka zauna kana jero masa hujjoji ƙara masa ciwo kake yi, domin waswasi da amsa yake ƙiba. Ka amsa yau, gobe ya dawo da sabon salo. Shi wannan ka koya masa ya yi biris, ya shagaltu da aiki, ya daina zaman kaɗaici, in abin ya yi tsanani har yana hana shi barci da cin abinci ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Mai shubuha kuwa maganarsa tana da "saboda". Saboda na karanta kaza, saboda malaminmu na jami'a ya ce kaza, saboda an yi addu'a an kashe kawuna. Ka ce wa wannan ya yi ta'awwuzi ya yi shiru, zai yi shirun don kunyarka, amma tambayar tana nan tana cin sa kamar gara a cikin azara. Daga waje ɗaki lafiya lau, ran da zai rufto ba wanda zai ce ya ga alama.

Akwai mutum na uku, ban manta da shi ba. Wanda sallar Asuba ce ta yi masa nauyi, ko yana son a ce masa wayayye, sai ya nemo tambaya ya fake a bayanta. Alamarsa ita ce kana cikin ba shi amsa ya riga ya yi tsalle zuwa wata tambayar, bai ma saurari ta farkon ba. Wannan ko Fathul Bari ka wanke masa ya sha ba zai gamsu ba. Amma ni dai ba na fara ɗaukar mutum a wannan matsayi, sai ya nuna min da kansa. Zuciya ba a hannuna take ba.

Wani zai ce, to Malam, ai Imamu Malik korar mutumin da ya tambaye shi yadda istiwa'i yake ya yi. Gaskiya ne an fitar da shi. Amma ku koma ku karanta ƙissar: sai da Malik ya sunkuyar da kai har gumi ya rufe shi, ya ba shi amsar da har yau malaman aƙida suke karantar da ita, sannan ya sa aka fitar da shi saboda abin da ya fahimta na manufarsa. Mu kuwa mun ɗauki korar mun bar amsar. Sannan ga Alƙur'ani a gabanmu. A aya ta 260 ta Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta natsu. Malamai sun ce ba shakka ya yi ba, ƙarin yaƙini ya nema, daga sani zuwa gani da ido. Duk da haka abin lura shi ne an nuna masa, ba a tsawatar masa ba. A aya ta 30 ta surar kuma mala'iku ne da kansu suka yi tambaya a kan hikimar sanya wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini a bayan ƙasa. Kusan tambayar yaron nan ce fa, a bakin mala'iku.

Abin da ya sa na iya haɗiye maganata a daren nan shi ne ni ma na taɓa shiga ramin. Ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba sai yau. A shekarata ta biyu a Alƙahira na saba zuwa kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, inda a lokacin da 'yan fam kaɗan ake cika leda. Na sayo wasu littattafan falsafa alhali ko Aƙidar Ɗahawiyya ban gama narkar da ita ba. Wata mas'ala a kan ƙaddara da zaɓin ɗan Adam ta maƙale min, na yi kusan wata huɗu ina salla kamar mai ɗauke da buhun siminti a ka. Ban gaya wa abokan ɗakina 'yan gida ba, don na san labarin zai riga ni isa Najeriya, a ce wane ya je karatun addini ya dawo zindiƙi. Wani dattijon malami da nake zama a halƙarsa na samu bayan darasi, ina magana ina inda-inda. Ya sa aka kawo mana shayi, ya saurare ni har na gama, ya ce in je in karanta Al-Munƙiz minad Dalal na Imamul Gazali, in riƙa dawowa duk mako muna tattaunawa. Allah Ya saka masa da alheri.

Wanda bai san littafin ba, ɗan ƙarami ne, a zama biyu za ka gama shi. Gazali, wanda aka haifa 450 ya rasu 505 bayan Hijira, ya ba da labarin kansa a ciki. Ya lura tun yana matashi cewa 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu suna tashi Yahudu, na Musulmi suna tashi Musulmi, sai ya so ya san mene ne gaskiya in an cire gado. Ya fara tuhumar idonsa: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro ɗan mitsitsi kamar dinari alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Daga nan ya tuhumi hankalin kansa, ya ce mai mafarki ma ai yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka. Kusan wata biyu ya yi a wannan hali, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, wani haske ne Allah Ya jefa masa a ƙirji. Wannan shi ne mutumin da daga baya ya karantar da ɗalibai wajen ɗari uku a Nizamiyya ta Bagadaza, ake kiransa Hujjatul Islam. Da a unguwarmu ya yi wannan maganar yana saurayi, ban san me za mu yi masa ba.

Ni ma in kun tambaye ni me ya fitar da ni, zan ce karatu ya yi nasa, zama da dattijon nan ya yi nasa, tsayuwar dare da lokaci suka yi saura. Ba rana ɗaya abin ya tafi ba.

Yanzu kada wani ya fahimci cewa ina kira a buɗe ƙofa kowace iska ta shigo. Wannan abin da ake kira buɗaɗɗen tunani yana da ma'ana mai kyau, yana da ta banza. Ibnul Ƙayyim ya faɗa a Miftahu Daris Sa'ada cewa ya taɓa yi ta jero wa malaminsa Ibn Taimiyya ishkaloli ɗaya bayan ɗaya, sai malamin ya yi masa nasiha kada ya bar zuciyarsa ta zama kamar soso mai tsotse duk abin da aka zuba masa, ya mayar da ita kamar gilashi, shubuha ta wuce ta kansa ya gan ta sarai amma ba ta shige shi ba. Ibnul Ƙayyim ya ce bai taɓa amfana da wata wasiyya wajen tunkuɗe shubuha kamar wannan ba. Kuskuren da na yi a Azbakiyya ke nan, na shiga kogi ban iya ruwa ba. Yaron da bai san bambancin hadisi sahihi da mauduu'i ba, bai taɓa karanta littafin aƙida ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a gaban malami ba, ya kwana yana kallon muhawarar mulhidai, wannan soso ne, ko da ya kira kansa mai bincike.

Na kuma tambayi ƙanen nan nawa wani abu. Na ce, kai da kake tuhumar Bukhari, mutumin da ya faɗi sunan wanda ya gaya masa, da wanda ya gaya wa wancan, har zuwa tushe, aka rubuta tarihin kowane ɗayansu aka tantance mai gaskiya da mai mantuwa, shi mai bidiyon minti ukun nan ka taɓa tambayar waye shi, a ina ya yi karatu, fassarar da ya kawo daga ina ya ɗauko ta? Ya yi murmushi ya ce bai taɓa ba. Na ce to ashe shakkar taka ido ɗaya gare ta. In za ka yi tababa, yi wa kowa.

Mutum biyu nake yawan tunawa, dukkansu a Alƙahira suka ƙare rayuwarsu. Abdullahi Al-Ƙasimi, mutumin Najdu, ya yi rubuce-rubuce masu zafi na kare da'awar Salafiyya har manyan malamai suna yaba masa, sai a 1946 ya fitar da Hazihi Hiyal Aglal, daga nan ya yi ta gangarawa har ya zama ɗaya daga cikin fitattun mulhidan Larabawa, ya mutu 1996. Dakta Mustafa Mahmud kuma likita ne da ya fara da shakka, har aka ƙwace wani littafinsa na farko, ya shafe shekaru yana lalube, daga baya ya rubuta labarin tafiyarsa daga shakka zuwa imani a 1970, ya yi shirin talabijin na Al-Ilmu wal Iman wanda ya shiga gidajen Larabawa ko'ina, ya gina masallaci da asibitin talakawa a unguwar Muhandisin, ya rasu 2009. Duk lokacin da na ji ina son in yi wa mai shakka kallon wanda ya riga ya halaka, ko in yi wa kaina kallon wanda ya riga ya tsira, sai in tuna su.

To ga abu na ukun da na ce zan zo kansa. Yaron nan ya ce min, "Malam, ka tuna muna aji uku a Islamiyya ka ba mu labarin Baturen da ya fara taka wata, ya ji kiran salla a can, daga baya ya je Masar ya ji irinsa ya musulunta?" Na tuna. Ni na faɗa, da bakina, kafin in tafi karatu, yara suna kabbara. Ya ce ya bincika ya tarar ƙarya ce. Kuma gaskiyarsa. Neil Armstrong ya taka wata a 1969, ya musanta wannan labari, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar musantawa a 1983, kuma ya mutu 2012 ba tare da ya ce ya musulunta ba. Yaron ya ce, "Sai na ce a raina, in wannan ƙarya ce, saura me da me?"

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan daren ba. Na ce masa na yi kuskure, na faɗi abin da ban tantance ba, ya yafe min. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kullum muna zagin intanet da turawa da jami'a, amma mu duba abin da muke turawa a WhatsApp: wasiyyar wani wai Shehu Ahmad mai gadin kabarin Annabi, wadda Shaikh Bin Baz ya rubuta raddi a kanta tuntuni ya ce ƙarya ce amma har yau tana yawo, sautin da aka ce na 'yan wuta ne da aka ɗauka a wani rami a Saibiriya, hotunan da aka haɗa da kwamfuta a ce duk wanda bai rubuta amin ba kaza zai same shi. Muna zaton muna ƙarfafa imanin yara ne, alhali da tubalin toka muke yi musu gini. Wannan cuta tsohuwa ce. Malaman hadisi sun ambaci Nuhu ɗan Abi Maryam, wanda ya ƙirƙiro hadisai a kan falalar surori, da aka tambaye shi ya ce ya ga mutane sun bar Alƙur'ani sun koma fiƙihu da tarihin yaƙoƙi ne, shi ya sa ya yi don neman lada. Malamai ba su ce niyyarsa ta yi kyau a ƙyale shi ba, sun rubuta sunansa cikin maƙaryata. Ilimin isnadi gaba ɗayansa tababa ce mai tsari, kuma mu ne muka gaje shi, amma yau mun fi kowa saurin tura abin da ba mu san tushensa ba.

A nan ƙasar ma muna da abin koyi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tarar da wasu ɗaliban ilimin kalam suna tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa da irin lafazinsu su ce kafiri ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana yi musu raddi, kamar yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisur. Kuma ya saɓa wa malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umar, a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, ya rubuta saɓanin a fili ba tare da ya zubar da darajar malamin ba. Ni a wurina wannan shi ne faɗin ƙirji irin na malamai.

Game da tambayarsa ta addu'a, ga abin da na iya gaya masa. Na ce ka san asalin alƙunutun da muke yi? A shekara ta 4 bayan Hijira aka yaudari sahabbai wajen saba'in, mahaddata, aka kashe su a Bi'iru Ma'una. Manzon Allah (SAW) ya yi wata guda yana alƙunutu a kan waɗanda suka kashe su. Wato ita wannan addu'ar a cikin makoki aka fara ta. Shi da addu'arsa ta fi ta kowa, an kashe Sumayya yana Makka, an kashe baffansa Hamza a Uhudu, 'ya'yansa duk sun riga shi rasuwa in ban da Nana Faɗima. Aya ta 214 a Baƙara ta ba da labarin manzo da muminan da ke tare da shi da aka girgiza har suna tambayar yaushe taimako zai zo. Addinin bai taɓa yi mana alƙawarin cewa mai addu'a ba za a taɓa shi ba. In wani ya faɗa maka haka a wa'azi, shi ya ƙara. Na kuma ce masa kada mu ɗora wa ƙaddara abin da hannun mutane ya aikata: akwai wanda ya harba bindigar, akwai wanda ya sayar da ita, akwai ɗan gari da ya nuna hanya, akwai wanda aka ba amanar tsaro ya yi barci, kuma kowannensu zai tsaya gaban Allah. In babu ranar hisabi, to jinin kawunka ya tafi a banza ke nan, kuma zuciyarka da kanta ta ƙi yarda da haka, shi ya sa kake fushi.

Ya ce, "Amma me ya sa shi? Mutumin da ko kaza bai taɓa zalunta ba?" Na ce wannan kam ban sani ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48 ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, to ni wane ne. Muka yi shiru. Ya yi kuka sosai, ina ganin tun rasuwar bai yi irinsa ba.

Bayan kamar mako uku shi da kansa ya gaya wa mahaifinsa. Alhaji ya same ni da sassafe ransa a ɓace, ya ce, "Liman, yaron nan ruƙiyya za a yi masa, ko dai an yi masa asiri a makarantar nan. In bai dawo hanya ba na daina biyan kuɗin, ya bar min gida." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ka ba ni wata shida. Yaron da ya kawo kansa masallaci ya faɗi ciwonsa ai magani yake nema. In ka kore shi, waɗanda za su karɓe shi hannu biyu suna nan suna jira, kuma ba salla za su sa shi ba." Da ƙyar ya amince. Kuma ina roƙon masu ɗaukar hoton maganar mutum su watsa a gurup-gurup da sunan kishin addini su ji tsoron Allah. Kun san garuruwanmu, kun san abin da jita-jita ɗaya kan jawo. Hukunci aikin alƙali ne, ba na 'yan sharhi ba.

Yanzu duk Alhamis bayan Isha'i yana zuwa, muna karanta Munƙiz shafi biyu ko uku, wani lokacin gardama ta cinye lokacin. Makon jiya ya zo da tambaya a kan asalin halittar ɗan Adam da abin da ake koya musu a aji, na ce ya ba ni mako biyu, na kira wani abokina da ke koyar da ilimin halittu mu fara zama da shi tukuna, don kada in sake ba shi labarin wata. Har yanzu a sahun baya yake salla. Ban tambaye shi me ke zuciyarsa ba, shi ma bai ce min komai ya warware ba. Ku sa shi a addu'a, Allah Ya san sunansa.

Wanda yake cikin irin wannan hali kada ya rubuta a wajen sharhi, ya turo min saƙo ta akwatin sirri, zan amsa gwargwadon lokaci, wanda ya fi ƙarfina in haɗa shi da wanda ya fi ni sani. Mako mai zuwa in sha Allahu za mu koma babin tsarki, daga shafa a kan huffi.

Wallahu a'alam.